Fataucin Aku: Daga Kan Huhun Goro Zuwa Cikin Jirgin Sama

Aku ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Ka taso daga Zazzau ka bi Kano da Katsina har ka dangana da Maraɗi, ba za ka taɓa ganin ya yi sheƙa a kogon kuka ko na gawo ba. Abin da dajinmu yake da shi shi ne tsirya, 'yar koriyar nan mai damun manoma idan dawa ta nuna. Shi kuwa aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda ke mayar wa mutum da maganarsa, tsuntsun kurmi ne, can inda ruwan sama ke zuba yawancin shekara, bishiyoyi kuma suka yi wa ƙasa rumfa. Duk da haka babu ɗan makarantar da bai san Waziri Aku ba, tun da Abubakar Imam ya fitar da littafin farko na Magana Jari Ce a 1937. A cikin littafin ma ba a dawa aka tsince shi ba. Wani Balarabe ne ya zo da shi a keji, aka yi ciniki, aka biya. Haka abin yake a zahiri: aku bai taɓa zuwa ƙasarmu da fiffikensa ba. Ɗauko shi ake yi da farashi a kansa, shi ya sa tarihinsa a wurinmu tarihin fatauci ne.

Mazauninsa ya faro ne daga kudu maso gabashin Kwaddibuwa, ya ratsa Gana da kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kongo guda biyu, har ya taɓo Yuganda da yammacin Kenya. Yana da wani ɗan'uwa da ake kira timne, wanda bai kai shi girma ba, ya fi shi duhun jiki, jan wutsiyarsa kuma ya dushe. Wannan yana zaune a Laberiya da Saliyo da Gini da Gini Bisau, kuma sai a 2012 masana tsuntsaye suka fara lissafa shi a matsayin jinsi daban. Aku dai ba wani babban tsuntsu ba ne, tsawonsa kamar santimita 33, nauyinsa wajen giram 400. Da rana yana yawon neman 'ya'yan itace, ya fi ƙaunar 'ya'yan kwakwar manja. Da magariba kuma sai su taru ɗaruruwa su kwana a bishiyoyi ɗaya, yau da gobe, shekara da shekaru. Wannan ɗabi'a ta son jama'a da riƙon makwanci ita ce daga baya ta zama sanadin halakarsa.

Gidanmu gidan fataken goro ne. Kakan mahaifina ya bi ayarin Gwanja, kuma labarin tafiyar na cikin abin da tsofaffin gida suke yi mana hira da shi bayan sallar isha'i. Ayari yakan tashi da rani, madugu na jagora, jagaba na gaba yana neman zango, uban dawaki na kula da kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya. A ɗora wa jakuna kanwa da baƙaƙen rawuna da jan fata da busasshiyar albasa, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, a bi ƙasar Bargu, a faɗa Zugu, daga nan a gangara Salaga, inda mutanen Asante ke hauro da goro daga kurmi. Zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. A irin wannan tafiya kowane jaki da lissafinsa, kowace waga da abin da za ta ɗauka, ga goro kuma mai son lallashi, kullum ana kwance shi ana duba fita ana yayyafa ruwa. Babu bafataken da zai ba tsuntsu wurin goro. Abin da tsofaffinmu suka ce shi ne, aku tsaraba ne ba haja ba. Mutum zai sayi ɗaya, ya sa shi a ɗan kwando, ya ɗaure a saman kaya, ya riƙa ba shi gyaɗa daga aljihunsa, da niyyar ya kai wa sarki gaisuwa ko ya faranta wa uwargida. Idan tsuntsun ya iso da rai, unguwa ta sami abin kallo. Kurmi kuwa bai ma san an taɓa shi ba.

Hanyar Gwanja ta fara mutuwa ne bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, Salaga ta rasa ikon da ke tura mata goro, sannan yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa kasuwar. Hausawan da ke can suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Akara, suka kafa zanguna. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan ya hau jirgin ƙasa. Daga baya Yarabawa suka dasa shi a ƙasarsu, 'yan uwanmu suka yi kaka-gida a Agege da Shagamu da Sabon Ibadan. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Aku ma ya sami sauƙin isowa, har ya zama ba sai gidan sarki ake ganinsa ba.

Namu a jirgin ƙasa ya zo, a saman huhunan goron da mahaifina ya ɗauro daga Shagamu. An rataye kejinsa a rumfar tsakar gida, kusa da randa. Abin da ya fara koya shi ne tarin kakarmu, irin mai jan numfashi kafin ya fita, har yakan sa a leƙa ɗakinta alhali tana barci. Daga nan ya kama sallama, kuma da muryar namiji yake yin ta, mata su yi ta laluben mayafi suna amsawa, sai su ga babu kowa a zaure. Yakan kira ƙanena da muryar Baba, da kaushin da Baba ke sawa idan an yi laifi, yaro ya taho jiki na rawa. Idan an ba shi ɓawon gyaɗa sai ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya riƙe da ɗayar, ya juya shi, ya fasa daidai tsagin, ya zare ƙwayar da baƙin harshensa, har jan ɓawon ciki yakan fere ya zubar. Yaran unguwa na tsayawa a soro suna tsokanarsa da aku kuturu, shi kuma ya karkata kai ya ƙura musu ido ɗaya. Amma da hunturu ya shigo sai ya kumbura ya yi shiru, sai an lulluɓe kejin da buhu. A ƙarshen rayuwarsa ya dinga fige gashin ƙirjinsa da kansa har fata ta bayyana. Muka ce tsufa ne. Likitocin dabbobi sun san abin sarai: haka aku ke yi idan kaɗaici da ƙunci sun dame shi, gyaɗa zalla kuma ba ta maye masa gurbin 'ya'yan manja da ganyen kurmi.

Lokacin da fatakenmu ke hauro da ɗaya-ɗaya ta tudu, wata hanyar ta riga ta buɗe ta teku. Turawan Fotugal sun iso gaɓar Gini tun ƙarni na 15, suka sauka tsibirin Firinsife, inda aku yake da yawa har yau hotonsa na jikin tambarin ƙasar Sawo Tome da Firinsife. Ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa saye suna kai wa gida, tsuntsun ya zama abin ado a gidajen masu sarauta. A majami'ar Westminster da ke Landan akwai gawar wani aku da aka busar aka ajiye, na wata basarakiya Frances Stuart, wadda ta rasu a 1702. An ce sun yi shekara 40 tare, kuma bai daɗe ba bayan rasuwarta shi ma ya bi ta. Da jiragen ruwa masu aiki da tururi suka fara zirga-zirga tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma a tsakiyar ƙarni na 19, adadin ya ƙaru, sai dai sanyin teku da doguwar tafiya na kashe da yawa, wannan ya sa cinikin bai wuce wani mataki ba.

Jirgin sama ne ya kawar da wannan shinge. A lokacin, tsuntsun da aka kama a kurmin Kamaru, cikin mako guda yana iya kasancewa a kanti a Turai. Bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Turai da Amurka sun sami kuɗi, kiwon tsuntsayen ado ya zama ruwan dare, kuma babu wanda ake nema kamar mai iya magana. Sunansa ya ƙara fita da aikin wata masaniya Ba'amurkiya, Irene Pepperberg, wadda ta sayi wani aku a kantin Chicago a 1977, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana nazarinsa. Alex ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa kaɗan, yana faɗin abin da ya haɗa abu biyu da abin da ya raba su. Ya mutu a 2007. Wannan aiki ya tabbatar da abin da duk mai aku a gida ya daɗe yana zargi, cewa ba kwaikwayo kaɗai yake yi ba, akwai fahimta a ciki. Sai dai a kasuwa, ƙarin daraja ƙarin farashi ne, ƙarin farashi kuma ƙarin tarko.

A 1973 ƙasashen duniya suka rattaba hannu a Washington kan yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasa da ƙasa. Ta fara aiki a 1975, Nijeriya na cikin na farko-farkon shiga. A 1981 aka sa aku a rukuni na biyu, wato an yarda a yi cinikinsa amma da takardar izini, bisa sharaɗin kada kamun ya cutar da yawansa a daji. Aka riƙa ware wa ƙasashe kaso: an daɗe Kamaru na da 12,000 a shekara, Kongo ta Kinshasa 10,000. Amfanin wannan tsari shi ne ya bar mana lissafi. Tsakanin 1975 da 2013, aku fiye da miliyan 1.3 aka fitar daga Afirka da takarda, dukkansu kamun daji. Wannan bai haɗa da na sumoga ba, bai haɗa da waɗanda aka fitar da takardun jabu ko takarda ɗaya da aka yi ta maimaitawa ba, bai kuma haɗa da waɗanda suka mutu kafin su ga filin jirgi ba.

Waɗannan matattun su ne ainihin labarin, kuma sai an ga yadda ake kamun za a gane dalili. Hanya ta farko ita ce danƙo. Maharbi zai dafa ƙaron itace har ya yi kauri, ya shafe tsinkaye da shi, ya hau bishiyar da tsuntsayen ke sauka, sau da yawa kwakwar manja, ya kakkafa su. Sai ya ɗaure wani aku da ya riga ya kama a tsakiya. Wannan ɗaurarren zai yi ta kuka, 'yan uwansa da ke wucewa su ji, su karkato su sauka don su ga abin da ya same shi. Da sun taɓa tsinken, fiffike ya manne, sai su faɗo ƙasa. Hanya ta biyu raga ce. A cikin kurmin Kamaru da Kongo akwai filaye masu dausayi inda giwaye ke zuwa lasar ƙasa mai gishiri, aku ma na sauka nan garke-garke da safe, kamar a gandun dajin Lobeke da ke kudu maso gabashin Kamaru. A nan ake shimfiɗa raga a rufe su gaba ɗaya. Hanya ta uku ita ce hawa bishiya a zaro 'ya'ya daga kogo tun ba su yi gashi ba, wani lokaci ma a sare bakin kogon da gatari, ya zama ba zai sake amfani ba.

Daga nan sai a datse musu fiffike da adda ko almakashi, a cusa su cikin kwando ko akwatin katako, a bi da su ta kwalekwale da babur da bayan mota, kwana da kwanaki, ba isasshen ruwa, ba irin abincin da suka sani. Wasu tsoro ke kashe su, wasu rauni, wasu cutar da suke ɗauka daga juna a matsatsi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa daga kashi 30 zuwa sama da 60 cikin 100 na mutuwa tsakanin tarko da jirgi. Da aka haɗa wannan da adadin da ke rubuce, sai lissafin abin da aka kwasa daga kurmi ya kai miliyan 2 zuwa 3. Wato duk akun da ya iso yana yi wa wani sallama a falo, a ƙiyasi akwai kusan ɗan'uwansa ɗaya ko fiye da aka jefar a bakin hanya.

Da tsuntsun irin su jan baki ne masu hayayyafa kamar yayyafi, da kurmi ya jure. Aku ba haka yake ba. Ba ya fara haihuwa sai ya shekara 3 zuwa 5. Mace ɗaya yake riƙewa. Ƙwai 2 zuwa 4 take yi, ta kwanta a kansu wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata 3 a kogo kafin su tashi. Dabarar rayuwarsa ita ce tsawon rai: ya haifi kaɗan, amma ya daɗe yana haihuwa. To danƙo da raga ba sa zaɓe, manya masu haihuwa suke kwashewa. A gidanmu abin da ake fara koya wa yaro idan an ba shi ƙwaryar goro ya kai kasuwa shi ne ya san uwar kuɗi ya san riba, ya ci daga riba, kada ya kuskura ya taɓa uwa. Manomin goro na tsinkar 'ya'ya ya bar bishiya, baɗi ya dawo ya sake tsinka. Masu cinikin aku uwar suka dinga ci, shekara 40, suna kiran ta riba.

Inda aka fi ganin sakamakon shi ne Gana, ƙasar da kakanninmu suka fara cin karo da shi. A farkon shekarun 1990 an yi ƙidayar makwantan aku a can. Bayan shekara 20 wani masani ɗan ƙasar, Nathaniel Annorbah, ya sake bin wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon a 2016. Wurare 3 da a da kowannensu ke tara tsuntsu 700 zuwa 1,200, gaba ɗayansu 18 aka gani. Ƙiyasinsu shi ne Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta daga 1992. Wani dattijo ɗan'uwan mahaifina da ya tsufa a zangon Kumasi ya taɓa gaya mini cewa a ƙuruciyarsa, idan suka shiga ƙauyukan goro, ba sai an duba rana ba a san magariba ta yi, fito da ihun aku da ke komawa makwanci sun isa. Jikokinsa kuwa a keji kaɗai suka san shi, kamar mu 'yan Arewa. Da tsuntsun ya ƙare a Gana, wasu daga cikin masu kamun ba su bar sana'ar ba. Sun ɗauki danƙonsu suka nufi wasu ƙasashen, har da kudancin Nijeriya.

Ba tarko ne kaɗai ba, akwai zarto. Aku ba ya saƙa sheƙa, ba ya kuma iya fafe itace da kansa. Kogo yake nema a tsohuwar doguwar bishiya, can sama inda maciji da biri ba sa kai wa da sauƙi. Cikin bishiyoyin da ya fi so akwai rimi, wannan dai rimin namu mai audugar matashi, wanda a kurmi yake girma ya zarce duk na kewaye da shi. Irin waɗannan manyan bishiyoyi su masu katako ke fara sarewa, manoman koko kuma na kayar da waɗanda suka rage a gonakinsu. Ana iya dasa itace a ga ya yi tsawo cikin shekara 10, amma kogo sai bishiya ta tsufa. Saboda haka ko inda tsuntsayen suka tsira daga danƙo, sai ka tarar babu ɗakin haihuwa.

Doka ta biyo baya, amma da jan ƙafa. Nijeriya ta yi dokar kare namun dajin da ke cikin haɗari tun 1985, sai dai rashin aiwatarwa ya sa a 2005 CITES ta nemi a dakatar da cinikin namun daji da ƙasar, ba a janye ba sai 2011. Amurka ta rufe ƙofarta ga tsuntsayen kamun daji da dokar 1992. Tarayyar Turai, wadda ita ce babbar kasuwa, ta dakatar da shigo da su a 2005, ba don tausayin aku ba sai don tsoron murar tsuntsaye, sannan ta mayar da haramcin na dindindin a 2007. A watan Oktoba na 2016, a taron CITES na Johannesburg, ƙasashe irin su Gabon da Nijeriya da Chadi da Togo da Senegal suka nemi a ɗaga aku zuwa rukuni na ɗaya. Aka kaɗa ƙuri'a a asirce, 95 suka amince, 35 suka ƙi. Daga Janairun 2017 ya zama haramun ne a yi cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. A ƙarshen 2016 ɗin kuma ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari sosai. Kongo ta Kinshasa da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka rubuta cewa ba su ɗauki hukuncin na CITES a kansu ba.

Sunayen ƙasashe biyun nan na ƙarshe sun nuna inda kasuwar ta koma. Da Turai ta rufe, sai kaya suka juya zuwa ƙasashen Larabawa da Asiya. Dillali ba ya buƙatar rumfa yanzu, hoto da bidiyo yake sawa a Facebook, a ƙarasa ciniki a WhatsApp. Ana kiwon aku a keji yana haihuwa, Afirka ta Kudu ce kan gaba a wannan, kuma cinikin irin waɗannan halal ne idan an yi rajista. Amma kamun daji ya fi araha, don haka ake sa masa rigar ɗan gida a fitar da shi. A Kamaru jami'ai sun sha kama akwatuna a filin jirgin Duwala, ɗaruruwan tsuntsaye a lokaci guda, a kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe. A can sai an yi watanni ana jiran sabon gashi ya fito a maimakon wanda danƙo da almakashi suka lalata, kafin a saki waɗanda suka rayu.

Akwai kuma kasuwar da ba ta buƙatar tsuntsun da rai. Jan gashin wutsiyarsa na da daraja tun fil azal a wurin Yarabawa da mutanen Bini, ana sa shi a kayan sarauta da na bauta, har bayin da aka kai Brazil da Kuba suka tafi da al'adar. A kasuwannin masu magani na Lome da Kwatano ana sayar da kansa ga masu neman farin jini ko kaifin ƙwaƙwalwa. Gashi kam ba dole sai an kashe mai shi ba. A ƙauyen Ikodi da ke jihar Ribas, inda aku ke da babban makwanci, mutanen gari sun haramta kama shi ko kashe shi tun kaka da kakanni. Da safe sukan bi ƙarƙashin bishiyoyi su tsince gashin da ya zubo da kansa su sayar, kuma sun sha yin fito-na-fito da baƙin maharba. Wannan ma ciniki ne, amma irin wanda ke barin tsuntsu a kan reshe.

Mu fa, ina muke a cikin wannan labari? Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mun saba ɗora laifin a kan Bature da Balarabe, amma dillanci sana'armu ce, kuma a kasuwannin tsuntsaye daga Ikko zuwa Kano za ka ji Hausa na tashi. Kwanan baya na tsaya wurin wani mai tsuntsaye, ina kallon wasu aku biyu a kejin waya. Ɗaya idonsa baƙi, alamar bai shekara ba. Ɗayan idonsa ya yi fari-fari mai ɗorawa, babba ne, ya maƙale a kusurwa yana wani gurnani duk lokacin da hannu ya matso.

"Alhaji, ɗauki mai baƙin idon nan," in ji shi. "Wata uku ya isa ya fara kiran sunanka. Ɗan gida ne, a keji aka ƙyanƙyashe shi."

Na ce, "Malam, to ina zobensa?"

Ya yi dariya ya ce zobe ai na amarya ne. Amma ya gane abin da nake nufi. Masu kiwon gaskiya kan zura wa ɗan tsako rufaffen zobe a ƙafa tun yana 'yan makonni, mai lamba a jiki, wanda ba ya shiga ƙafar babban tsuntsu. Waɗannan biyun babu mai zobe, fiffikensu a datse yake ba daidai ba, ga ragowar danƙo a gashin babban. Ban ga alamar mugunta a tare da mutumin ba, abincinsa yake nema, kamar yadda mai hawa bishiyar a kurmi yake neman nasa, shi da ake ba abin da bai taka kara ya karya ba a kan tsuntsun da za a sayar da tsada a Dubai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai mai miƙa kuɗi, za a sami mai hawa bishiya.

Malamanmu ba su hana kiwon tsuntsu ba idan za a ba shi haƙƙinsa. Amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fiffike a kansu, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani, sai ya nuna rashin jin daɗinsa ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Wannan hukunci a kan 'ya'ya biyu ne. Mu muna maganar miliyoyi.

Wanda yake da aku a gida kada ya ce zai sake shi. A ƙasarmu ba zai kwana biyu ba shaho ko yunwa za su gama da shi. Ya riƙe shi amana: keji mai faɗi, 'ya'yan itace da ganye ba gyaɗa kaɗai ba, 'ya'yan manja idan an samu, ruwan wanka, abin ɗumi da hunturu, da mutanen da za su riƙa kula shi, domin tsuntsu ne da zai iya shekara 40 ko fiye. Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya tambayi zobe da takarda, idan babu ya bar kuɗinsa a aljihu. Abin da ya rage na aku a Nijeriya yana kurmin Kuros Riba da Okomu da fadamun Neja Dalta, kuma ba shi da yawan da zai ɗauki wani zagayen irin wanda Gana ta gani. Kakanninmu sun yi fataucin shekaru aru-aru tsakanin kurmi da sahel ba tare da sun ƙarar da abin da suke saye ba. Zamanin jirgin sama ya zo da gaggawar da ba su sani ba, amma ƙa'idar tasu ba ta tsufa ba, kuma mai saye shi ne ya fi kowa ikon aiki da ita.